Muryar da Take Amsa Jita

Ajingi,
6 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga matata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Ummi. Yaya ruwan zafi? Yaya su Hajiya da Baba? Tunda wayarki ta faɗa ruwan wanka, kuma kin san kunya ba za ta bar ni in riƙa kiran wayar Hajiya kullum ba, na ga gara in koma takarda. Kamilu direba ya ce zai riƙa sauke miki a Gaya.

Gidan nan ya yi mini faɗi. An fara cirar gyaɗa, don haka ofishinmu na gona sun tura ni zagayen gonakin Gafasa, ba na dawowa sai rana ta karkata. In na yi la'asar sai in ɗauko jita in shiga ɗakinki, don can ne kawai sabis yake kamawa sosai.

Kin tuna Malam Ashraf, mutumin Jos ɗin nan da yake koyar da kiɗan jaz ta intanet? Yanzu ya kai mu darasin haɗa sautuka. In ka danne tsirkiya uku ko huɗu ka kaɗa su tare, wannan haɗin shi ne kod. Na wannan makon sunansa dominan, kuma mun fara da wanda ake kira G7. Sautuka huɗu ne a cikinsa, biyu daga ciki ba sa jituwa, ɗaya yana son hawa, ɗaya yana son sauka. In na kaɗa shi sai in ji kamar na ɗaga ƙafa a matakala ban ajiye ba. Hankali ba ya kwanciya sai an bi shi da kod ɗin C, wanda Malam yake kira gida.

Aikin da ya ba mu abin dariya ne. Wai mu kaɗa G7, kada mu sauke shi, mu zauna shiru muna jin yadda kunne yake roƙo, mu naɗa a waya mu tura masa. Na yi, na tura. In da kina nan da kin ce na samu sabuwar hanyar ɓata lokaci.

Na ba Kamilu gyaɗa sabuwar cira da man shanu. Ki shafa mini kan Ummi.

Mijinki,
Muhyiddeen.

Ajingi,
14 ga Oktoba, 2024.

Hamdiyya,

Sallama da fatan alheri. Na ga amsarki, na ji daɗi da cibiyar Ummi ta warke. Allah Ya ƙara lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Malam Ashraf ya saurari abin da na tura. Ya yaba, sannan ya ce in gaida matar da take raka ni, wai kunnenta ya fi nawa. Na ce masa matata tana gidansu wankan jego, ni kaɗai ne a gida. Ya turo alamar dariya, ya ce to in sa abin kunne in ji da kaina.

Na sa. Hamdiyya, bayan G7 ya mutu, akwai shiru kamar na numfashi biyu, sai wata murya ta mace, ƙasa-ƙasa, baki a rufe, ta ja sautin C. Daidai, ba kuskure. Ba waƙa ba ce, irin gunjin nan ne da mace take yi in hannunta yana kan aiki. Lokacin da nake naɗar ban ji komai ba. A waya kawai take fitowa.

Na ce ko maƙwabta ne. Na leƙa, gidan ƙofarsa da kwaɗo, duk suna gona. Na ce ko tsirkiya ce take amsa kuwwa, na tambayi Malam. Ya ce tsirkiya ba ta jan numfashi kafin ta yi sauti, kuma wannan ana jin ta ja. Daga nan ya daina dariya. Ya ce in gwada wani abu. Akwai kod ɗin da 'yan jaz suke sakawa a madadin G7, yana da waɗannan sautuka biyun marasa jituwa amma sauran daban, wanda bai saba ba yakan ɓata. Na kaɗa shi. Ta amsa. Na koma D7, wanda gidansa G ne, na koma A7, na yi ta yawo da ita. Ko sau ɗaya ba ta ɓata hanya ba.

Jiya na ɗaure jitar a bayan babur na tafi da ita Gafasa. Da rana tsaka, a ƙarƙashin wata ɗorawa, ba kowa sai tulin harawa, na kaɗa na naɗa. Tana ciki. Har ta fi kusa da wayar.

Kada ki tsorata, ina cin abinci, ina azkar safe da yamma. Abin da ya fi damuna shi ne ban ji tsoro kamar yadda ya kamata ba. Muryar tana da daɗi.

Ki gaida Hajiya.

Naki,
Muhyiddeen.

Ajingi,
22 ga Oktoba, 2024.

Hamdiyya tawa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma jikinki yana ƙara ƙwari. Kin ce in ajiye jitar in je in ga babba. Rabin maganarki na bi. Ranar Asabar na je Kademi wurin Kawu Da'u, yayan mahaifiyata.

Na same shi a zaure yana gyaran buhuna. Ban yi masa dogon bayani ba, na ce ya saurari wani abu, na sa masa abin kunne. Da farko yana murmushi, yana cewa yaran zamani da kayan kiɗa. Sai na ga basillar ta tsaya a hannunsa. Ya ce in mayar baya. Na mayar sau uku. Ya cire abin kunnen, ya ajiye a tabarma a hankali, ya ce, "A ina ka samo muryar Muhsina?"

Kin san ban san mahaifiyata ba. Gwaggo ce ta raine ni, kuma ba a yi mini zancenta sai dai a ce Allah Ya ji ƙanta. Ko hotonta babu. Sai a ranar nan Kawu ya buɗe baki. Ya ce tun tana yarinya haka take, in ana daka ko ana waƙar niƙa aka yanke a tsakiya, ba ta iya haƙuri sai ta ƙarasa da gunji, har ana tsokanarta da hakan. Ya ce ta zo wankan gida da ni a nan Kademi, lafiya ƙalau, ranar da na cika kwana talatin da uku zazzaɓi ya kama ta da hantsi, kafin magariba ta cika.

Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Muhyiddeen, wanda ya tafi ba ya dawowa, ka san wannan. Ko mene ne wannan abu, ba a zama da shi. Ka yi mata addu'a da sadaka, ka rufe kayan kiɗan nan." Ya raka ni maƙabarta ya nuna mini wajen. Kabarin ya shafe, sai wata 'yar sabara a gefe. Na yi addu'a, amma wallahi ina tsaye ina ƙirga sa'o'in da suka rage in koma gida in kaɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, ban rufe ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin muryarta ba, yanzu an ce in toshe kunne. Na san abin da Kawu ya faɗa shi ne gaskiya. Na san mai yiwuwa wani abu ne yake kwaikwayo. Duk da haka jiya ban je aiki ba. Na yini a ɗakinki ina kaɗa dominan ɗaya bayan ɗaya ina barin su a buɗe, har yatsuna suka fashe. Malam Ashraf ya ce in huta da darasi, ya ce shi kansa ya daina sauraron abin da nake turawa in yana shi kaɗai.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Muhyiddeen.

Ajingi,
27 ga Oktoba, 2024.

Hamdiyya,

Sallama. Ina rubuta wannan a tsaye a tasha, Kamilu yana jira.

Kwana huɗu ke nan muryar ta daina amsa mini. Ina kaɗawa, ina naɗa, ba komai sai kukan kaji. Na ɗauka ta tafi, har na yi fushi kamar yaro. Sai ga takardarki yau da safe.

Kin ce kwana huɗu ke nan, da an yi la'asar Ummi takan saki nono ta juya kai wajen ƙofa, ido buɗe, ba kuka ba motsi. Kin ce shekaranjiya Hajiya tana tsakar gida ta ji gunji daga ɗakin da kuke, daga baya ta ce miki wannan gunjin rarrashi da kike yi a ina kika koyo shi, alhali ke a lokacin barci kike yi. Na karanta wurin nan har takardar ta jiƙe a hannuna.

Na ƙirga. Gobe Ummi take cika kwana talatin da uku.

Ban san ko ni na buɗe wata ƙofa ba. Na sassauta tsirkiyoyin jitar duka, na sa ta a buhu na ɗora a kan rumbu. Gobe da sassafe ina tafe, kunya ko ba kunya. Ki gaya wa Baba komai yau, kada ki rage. In kin ji ko ɗan ɗumi a jikinki, ko ciwon kai, kada ki jira ni, ku wuce asibiti. Don Allah, Hamdiyya.

Mijinki,
Muhyiddeen.

Ajingi,
1 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Hamdiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar baƙo mai taurin kai. Yaya Ummi? Ki yi mini godiya wurin Baba, da karatun da ya tara aka yi, da yadda bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Na ji daɗi da malamar asibiti ta ce ba abin da ke damunki, ko da yake kin yi ta hararata don na tilasta a auna ki sau biyu a yini ɗaya.

Kin tambaye ni abin da ya faru a ɗaki ranar Litinin, na ce ba komai. Ban iya faɗa ba ne a gaban Hajiya. Ga shi.

Bayan la'asar, da kika fita wanka Hajiya ta bi ki da ganye, an bar ni da Ummi a hannu. Ɗakin shiru, rana tana shigowa ta labule. Ina jin ku a bayan gida, ina jin ruwa yana zuba. Sai Ummi ta daina wutsil-wutsil, ta juya kai, ba wajen ƙofa ba, wajen kafaɗata ta dama. Sai na ji. Ba waya, ba abin kunne, da kunnena na ji. Kusa ƙwarai, kamar mutum ya sunkuyo yana leƙen abin da ke hannuna.

Amma ba sautin gida take ja ba wannan karon. Wancan ɗin ne, mai son hawa, wanda yake rataye a cikin G7. Ta riƙe shi, ta riƙe, ba ta sauke ba. Na yi ta'awwuzi a zuci, na karanta abin da ya zo bakina, sautin yana nan. Can na gane jira take yi. Duk makonnin nan ni nake barin abu a buɗe tana rufe mini, yau ita ta bari.

Na rufe baki na ja sautin C. Sannan na ce, ban juya ba, "Inna, in ke ce, ga ta nan kin gani. Uwarta lafiya, ni ma na girma, an riƙe ni da kyau. Ki huta. In kuma ba ke ba ce, na haɗa ka da Allah ka bar mana gida."

Sai sautin ya ɗauke. Ummi ta yi atishawa, ta fashe da kuka irin na yunwa, kika shigo da gudu kina tururi. Shi ke nan abin da ya faru.

Kin ce tun ranar ba ta ƙara juya kai ba. Ni ma nan ba komai. Shekaranjiya na je Kademi na faɗa wa Kawu, muka yi sadakar gero, na kafa dutse a gefen sabarar don kada wurin ya ɓace mini. Jiya na sauko da jitar na ɗaure tsirkiyoyi, na kaɗa darasin daga farko, kowane dominan na sauke shi da hannuna. Na tura wa Malam Ashraf. Ya saurara ya ce, "Wannan karon kai kaɗai ne." Na ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake. Sannan na zauna a bakin gadonki na yi kukan da ban taɓa yi mata ba.

Na goge duk abin da na naɗa a baya, Kawu ya sa na yi a gabansa. Har yau ban san mene ne ya zo mana ba, kuma na daina tambaya.

An share gida, na sa an yi wa ɗakinki sabon shafe. Ranar arba'in zan zo da motar Kamilu tun da hantsi, ki ce wa Hajiya kada ta cika mana kaya. Ku dawo, Hamdiyya. Ina son in ji hayaniyar masu rai a gidan nan.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Muhyiddeen.