Kakata Ta Ƙi Shan Magani Daga Hannuna

Malam, don Allah ka taimake ni, dabara ta ƙare min. Ka yi haƙuri da ajami, allo kaɗai ni yi.

Kakata Turai ce ba lafiya. Ruwa ya buge ta a fadama, mura ta kama ta, ga tari, ga zazzaɓi. Ita ka yi wa duk unguwarmu maganin mura, yau ga ta kwance. Wana Lawwali an ɗauke shi soja, babanmu ya tafi ƙwadago, sai ni da ita.

To ni mai tsokana ne, kowa ya sani. Matata nike ce mata, ita ta ce min mijin banza. Kwaɗo a tulu, barkono a goro, ba wanda ban sa mata ba, kuma dariya mukan yi. Yanzu na dafa citta da kanumfari da tsamiya, na sa zuma, yadda na ga tana yi. Ta shinshina ta ture, wai ta san ni. Na haɗa sirace da ɗoɗɗoya, ta ƙi shiga zane. Na rantse, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na bar wasa gaba ɗaya, ina ce mata Kaka, ina durƙusawa. Tun ran nan ta juya fuska bango, ta fara rabon tukwanenta. Mi za ni yi?

Mijin Banza, Sisawa

AMSA

Ɗana, tsohuwa tana da gaskiyarta. Wanda ya taɓa tauna barkono a goro ba ya karɓar ƙoƙo ido rufe. Kai ma ka yi abin kirki da ka tsaya mata.

Daina dafawa a bayan idonta. Kawo cittar da kanumfarin ɗanyu gabanta, ka daka tana kallo, ka bari ta yi maka faɗa kan gwargwadon haɗin, sana'arta ce. Ka fara kurɓa a ƙoƙon. Siracen ku shiga tare.

Ladabin nan kuwa shi ya tsorata ta. Jikan da bai taɓa durƙusa mata ba ya durƙusa, dole ta zaci ka hango mata mutuwa. Koma wa tsokanarka ta baki, hannu dai ya huta.

Amma ka sani, citta sauƙi take kawowa kawai. In numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓin ya ƙi sauka, nemi jaki da dattijo maƙwabci ku kai ta ɗakin magani na En'e a Wurno, ko tana zaginka.

Allah ya tashi kafaɗarta, ya dawo da Lawwali lafiya.