Gadar da Kawunka Ya Tsare

Gaya, 6 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Faruk,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Sadiyya da yaran, da kuma aiki. Mu nan lafiya lau, sai zafi, da gwiwar nan da ka sani.

Kwalin da ka aiko daga Kaduna ya iso ranar Talata. Sai da mutum biyu suka kama kafin a shigo da shi. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Amma tunda ni na koya maka karatu, ina da ikon in tambaye ka ko ka karanta wasiƙata kafin ka shiga kanti. Littattafai biyar ne. Huɗu a kan Yaƙin Duniya na Biyu, na biyar kuma hotunan tankokin Turawa ne a kan takarda mai sheƙi.

Bari in sake bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Kawunka Audi direban motar sulke ne a yaƙin basasa, mai taya ba mai sarƙa ba. Abin da nake nema shi ne littafin da ya bi rundunarsu daki-daki, har ya kawo arangamar da aka yi a gadar da na rubuta maka sunanta a bayan takardar nan. Faɗan bai kai awa biyu ba, tsakanin azahar da la'asar aka fara aka gama.

Ka san an kawo mana labarin mutuwarsa a lokacin, har muka yi zaman makoki. Bayan an gama yaƙi ya dawo Ajingi da ƙafa, ba kaki, ba takardar sallama. Ya ce umarni aka ba su su tsaya su tare gada har sauran su tsallake, aka harbi motarsu, shi kaɗai ya fita da rai. Mutanen gari suka ce gudu ya yi. Shekara hamsin da wani abu ke nan ana kiransa Audi Ta-Kansa, har jikokin waɗanda suka raɗa masa sunan sun gada. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, kuma ya gaya mini ba ya son a kai shi kushewa da wannan suna. Ni ce ƙanwarsa da aka kai makaranta. In ban samo masa shaida a rubuce ba, ban san amfanin shekaru talatin da biyar da na yi ina riƙe da alli ba.

Ka nema da kyau. Ka gaishe da kowa.

Mahaifiyarka,
Zuliha

Gaya, 2 ga Mayu

Zuwa ga Faruk,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Yaya jikin Khairiyya, ina fata zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Kwali na biyu ya zo, ya ma fi na farko nauyi. An samu ci gaba, domin wannan karon a kan yaƙin ƙasarmu ne. Na duba fihirisar kowanne da tabarau biyu. Shugabanni, taruka, yarjejeniya, manyan birane. Ɗaya ne ya ambaci motocin sulke, a jimla guda, kamar motocin su suke tuƙa kansu. Abin da ka turo ta waya kuma na sa Hanne maƙwabciyata ta buɗe mini. Wani saurayi ne yana ihu a gaban taswira. Kada ka sake.

Maganar da ka yi cewa in huta, za ka turo wanda zai zauna da ni, na ji, ban karɓa ba. Da kaina nake hawa mota zuwa Ajingi duk Alhamis, kuma haka zan ci gaba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami raina a ɓace. Jiya da muke waya da Sadiyya, ta faɗi a cikin hira cewa tun watan jiya ka ga wani siririn littafi a wurin mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi, wanda wani tsohon hafsa na rundunar sulke ya rubuta ya buga da kansa. Ta ce ka ɗauka ka juya, ka ga bangon ya yage, ruwa ya taɓa gefensa, sai ka ajiye, wai ba abin da mutum zai aika wa mahaifiyarsa ba ne a gani a hannun direban da zai kawo saƙon.

Faruk, tsaraba na ce ka yi mini? Na san tarbiyyar da ka samu, cewa abin da za a kai wa babba ya zama mai nauyi da kyan gani, kamar buhun shinkafa ko turmin atamfa. Ni na yi maka ita, ban kuwa taɓa zaton za ta juyo kaina ba. Littafi ba a auna shi a sikeli. Manyan littattafai na manyan mutane ne. Faɗan awa biyu a kan wata gada, ba mai tuna shi sai wanda ya kasance a wurin, kuma irin wannan mutumin siririn littafi yake iya bugawa.

Gobe kafin ofis ka koma wurin mutumin nan. In ya sayar, ka tambaye shi wa ya saya. Kawunka ya daina fita masallaci.

Mahaifiyarka,
Zuliha

Gaya, 16 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Faruk,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Sadiyya da jikokina. Ina fata gajiyar yawon da na sa ka ta bi lafiya.

Ambulan ɗin ya iso Laraba. Ka naɗe littafin a cikin sabon mayafi, na gane dalili, na kuma ƙyale ka. Shafi saba'in ne. A shafi na arba'in da ɗaya marubucin ya ce motoci uku suka isa gadar, shi da kansa ya umarci ta ukun ta tsaya ta tare hanya, ta kuwa tsaya minti arba'in har aka tsallakar da masu rauni, kuma an ɗauka duk mutum ukun da ke ciki sun mutu. Ya kawo lambar motar. Ita ce lambar da kawunka yake maimaita mana tun ina amarya, muna cewa ya isa haka.

Alhamis na tafi Ajingi. Na sa aka fito da kawunka zaure bayan la'asar, aka kira mutanen majalisar ƙofar masallaci. Malam Hadi mai unguwa ya miƙo hannu wai zai karanta wa maza. Na tuna masa a aji biyar na bar shi yana fama da Turanci. Na tsaya daga bakin ƙofa, na karanta da kaina, na fassara jimla-jimla. Haruna mai shayi, wanda ya fi kowa kiran sunan nan, ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har aka tashi.

Na zaci kawunka zai yi murna, ko ya yi kuka. Ina! Faɗa ya kama yi, wai hafsan ya rubuta lambar ƙarfe ya manta sunayen mutane. Ya ce akwai Saje Abba, shi ne babba a motar, akwai Kamilu mai harba bindiga, wanda ko gemu bai fara ba. Ya ƙi a mayar da shi ɗaki sai an sa sunayensu a littafin.

Ka san yawan yaran da na zane a kan rubutu a cikin littafi, har da kai. To, na karɓi biro a hannun Malam Hadi, na rubuta sunaye uku a gefen shafin, na kawunka a ƙarshe domin haka ya ce. Littafin yana ƙarƙashin matashinsa, ya hana ni dawowa da shi.

Kwalayenka biyu suna nan sun tare mini hanyar ɗakin girki. In ka zo ganin kawunka, kuma ina so ka zo a makon nan ba na gaba ba, ka taho da mota mai but.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Zuliha