Kogon Da Muka Tambaya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigidan, ya su Ummi? Ciwon ƙafar nan ya lafa? Mu nan lafiya, in dai numfashi ake kira lafiya.

Kin san ƙungiyarmu ta raya tarihi. Ranar Asabar muka cika bas zuwa wani ƙauye bayan Ƙarfi, mu ga kogon da na karanta cewa kakanni na fakewa ciki zamanin yaƙe-yaƙe. Muna sauka, shugabanmu Malam Isiya ya ɗaga waya yana hoto, ya ce wa wani manomi, "Bawan Allah, ina kogon da mutanenku ke ɓuya?"

Yaya, ashe har yau can suke kai mata da yara in 'yan bindiga sun shigo!

Kafin mu ankara 'yan sa-kai sun zagaye mu, ana ihu, "Infoma ne!" Bakin bindiga a wuyana. Sai wani tsoho mai sayar wa Baba masara ya leƙa fuskata ya ce, "Kai, wannan ai ɗan Garba ne!"

Aka sako mu, ban da Malam. Yana tsare a gidan mai gari, ga hawan jininsa. 'Yan kwamitinmu kuwa, matsoratan banza, wai sai an zauna an tattauna!

Fuskata kaɗai aka sani can, don haka gobe ni zan koma in tsaya masa.

Ki saka mu a addu'a, ki gaida kowa. Kada Inna ta ji sai na dawo.

Ƙaninki,
Nura