Ƙahon da Aka Yi wa Baba

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya zafin Maiduguri?

Raina a ɓace yake. Ciwon jijiyar Baba mai sauka daga kwankwaso ya tashi, sai ga ƙuraje masu ruwa sun jeru a cinyarsa. Na ce a tafi asibiti. Kawu Sale ya ce mataccen jini ne, ya ɗauko wanzami daga Kawo, aka kafa ƙaho a kan ƙurajen! Da muka kai shi asibiti daga baya, likita ya ce ƙarambau ɗin yarinta ne ya farka a jijiyar. Yanzu tsagar ta yi mugunya, Juma'a uku Baba bai je masallaci ba.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida kowa. Ni kuma ki roƙa mini haƙuri, don har yau Kawu cewa yake ƙahon ne bai isa ba.

Ƙanwarki,
Hadiza