Ɗayan Shamsiyya Ba Bakwai Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Makarantar Firamaren garinmu, ƙasar Malumfashi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa gare ka da malamanka, ni ce goggon Shamsiyya, 'yar aji biyar ɗin nan da ta zo daga Nijar. Godiya ce ta fi yawa a wannan wasiƙa, amma akwai ƙorafi a cikinta, kuma na zaɓi in yi shi a fili domin ba gidana kaɗai ke da irin wannan baƙuwa ba.

1. Shamsiyya 'yar ƙanena ce. A wajen Maraɗi aka haife ta, a can ta yi shekara huɗu tana karatu da Faransanci. Da mahaifiyarta ta rasu, ubanta ya kawo mini ita lokacin girbin masara. Sharaɗi ɗaya ya bar mini: in karatun bai yi ba, zai zo ya ɗauke ta, ta zauna gida ta yi rainon ƙannenta.

2. A makon farko aka yi mata gwaji, duka da Turanci. Yarinyar da ba ta san ko "zo" da Turanci ba, me za ta amsa? Wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafi, wai shi ma ta faɗi warwas. Aka mayar da ita aji biyu, 'yar shekara sha ɗaya a tsakiyar yara masu famfara. Wata biyu tana dawowa gida ta ajiye jaka ba uhm ba uhm-uhm. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

3. Ba zan ɓoye ba, kuskuren da malaminku mai duba gwajin ya yi, ni ma na tafka shi a ɗakina. Ɗana da ke Kafur ya sake layin waya, ya faɗa wa Shamsiyya sabuwar lambar ta rubuta mini. Sau uku ina bugawa, sau uku wani mai sayar da taki a Funtuwa yana ɗauka, har ya fara tambayata buhu nawa nake so. Na hau yarinya da faɗa. Ta karɓi wayar, ta dubi takardar nan dai, ta buga, sai ga muryar ɗana. Ashe a makarantunsu na Nijar lambar ɗaya dogon baki ake yi mata ya sauko ta hagu, mu kuwa bakwai muke gani. Bakwai ɗinsu kuma sai an ɗaura masa ɗamara a tsakiya. Na ɗauko takardar gwajin nan, duk inda jan biro ya soke amsa, ɗaya ne a wurin.

4. A nan godiyata take. Da na kawo maka takardar ba ka raina ni ba, duk da iyakar bokona yaƙi da jahilci ne. Ka sa Malama mai aji biyar ta sake gwada ta, tana karanta mata tambayoyin da Hausa, kuma a ranar ka mayar da ita ajinta. Yanzu da waƙa take shigowa gida, har ta cika mini jikoki da ƙirgen Faransanci. Hankalina ya kwanta.

5. Saura abu ɗaya. Da can an ɗauka ba ta san komai ba, ba a tambayarta komai. Yanzu da aka ga kanta na ja, malamin Turanci yana so ta cika shafi guda da insha'i kamar yaran da suka yi shekara biyar suna jin harshen. In ta kawo layi huɗun da ta yi gumi a kansu, sai ya zana mata sifiri. Ranka ya daɗe, takardar sakamakon ƙarshen zango hannun ubanta za ta je. Shi bai san wannan dogon bayani ba, jan biro kawai zai gani.

Saboda haka ina roƙon a riƙa gwada baƙin yara da Hausa tukuna, a ga abin da suka zo da shi kafin a zaɓa musu aji. Ban ce a ɗauke wa Shamsiyya aikin Turanci ba, ba na so a tausaya mata har ta lalace. A nemi jimla biyar masu kyau a wannan zango, goma a na gaba, kuma a matsa mata a kansu. Sannan a rubuta a takardar sakamako inda ta faro da inda ta kai, da Hausa, yadda ubanta zai fahimta ya bar mini ita.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka wa malamanka da alheri, har shi malamin Turancin, domin na san ci gabanta yake nema.

Kwafin da zai iso teburinka Shamsiyya ce ta rubuta shi da hannunta, ina faɗa tana rubutawa. Lambar da ke gaban batuna na farko ɗaya ce, ranka ya daɗe, ba bakwai ba.

Wassalam.

Goggon Shamsiyya.