Jijiyar da ke Bugawa a Maƙogwarona, Kafin Asabar

Zuwa ga Baba Sarkin Aska na ƙasar Ƙanƙara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara girma. Ni yarinya ce 'yar sakandare daga wajen Pauwa. Ko a aji ba na ɗaga hannu.

Na ɗaya. Na daɗe ina jin kamar abu ya tokare min maƙogwaro. Da damina yayana ya kai ni asibiti a Katsina, aka ɗauki hoton wuyana. Likita ya ce babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wadda a wuyan yawancin mutane take can gefe, tawa ta lanƙwaso ta kwanta dab da belu, fata kaɗan ce ta rufe ta. Haka aka halicce ni, kuma ba kasafai ake samun irin haka ba. Ya ce ko su ba sa kai wuƙa wurin. Idan aska ta taɓa ta, jinin ba zai jira a nemo mota ba.

Na biyu. Wanzamin garinmu ya danne harshena, ya ga wurin ya kumbura yana bugawa, ya ce ciwo ne ya nuna, a yanke. Baba, a littattafan da nake ɓoyewa ina karantawa, bugun zuciya abin daɗi ne. Nawa na maƙogwaro yana hana ni cin tuwo. Yaya ya yi wa wanzamin bayani, sai ya yi dariya ya ce likitoci matsorata ne.

Na uku. Babanmu ba mugu ba ne. Wanzamin nan shi ya yi mana askin suna dukanmu, nauyinsa yake ji. Ya amince, an sa Asabar mai zuwa za a yi yankan. Innata kuka kawai take yi a madafa.

Roƙona: ku aiko wa babanmu, maganarku zai ji. Ku kuma gargaɗi wanzamai har Faskari da Sabuwa, duk wanda ya ga kumburi yana bugawa a maƙogwaro ya mayar da askarsa ya tura asibiti.

Ban taɓa yi wa babana musu ba. Idan Asabar ta zo babu saƙonku, zan datse haƙorana in ƙi buɗe baki a gaban mutane. Don Allah kada ku bari ta kai ni ga haka.

Allah ya ja kwana, ya kare zuri'a.

Wassalam,
'Yarku Rukayya