Na Gyara Gilashin Kyamarar

Ƙanena Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Jos? Da fatan ƙafar maiɗakinka ta yi sauƙi. Mu dai muna Sabon Birni inda ka bar mu.

Na gyara gilashin tsohuwar kyamarata, wadda na ɗauki kufan Alƙalawa da ita lokacin da nake zaton wani zai karanta tarihin Gobir da na rubuta. Fumfuna ta kama cikinsa, zoben murzawa kuma ya cije, don wani gwani ya taɓa ɗiga mishi man gyaɗa. Kwana tara ina wanke zoben da kananzir, gilasan da auduga.

Saitin nesa ya rage, shi kuwa sai an auna abu mai nisa. Na hau soro na auna kukar gonar Baba ta hanyar Gangara. Ummaru, ta fito tar, har reshen da tsawa ta tsaga! Damina uku ban taka gonar nan ba saboda mutanen daji, 'yan bindigar nan. Maƙwabcina Bube ya leƙa ya ce, "To Malam, tunda ka jawo ta kusa, nome ta daga nan." Na yi dariya don kada in zage shi.

Kakanninmu da yaƙi ya ci su a Alƙalawa, sun samu hanya sun kafa wani gari. Ni da takarduna, soro ne iyakata.

In ana sayar da fim ɗin kyamara har yanzu, ka aiko. Za ni ɗaukar maka kukar tun ba a sare ta ba. Ku sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Yayanka,
Abdu